Mutanen da Wacera Ta Goge

Tun Wacera tana goye a bayan uwarta mutanen ƙauyukan nan na Murang'a suka haɗa ƙarfi suka sayi gonar wani Bature a can Laikipia. Rabin waɗanda suka fara abin sun mutu ba su taka ƙasar ba. 'Ya'ya suka gaji katin ƙungiya na iyaye, jikoki suka yanki nasu, shugabannin ƙungiyar suka zo suka wuce, wasu da tafiya, wasu da gudu. Sai bana mai awon ƙasa ya gama yanka gonar fili-fili, aka sa Asabar ranar ƙuri'a. Dokar ɗaya ce. Wanda sunansa ya fito a takardar da ofis zai buga, shi zai sa hannu a ganga ya zaro lambar filinsa. Wanda bai fito ba, ko ƙofar wurin taron ba zai shiga ba.

Wacera ce sakatariyar ofishin, kuma ta san abin da ya sami wanda ta gada. An ce sunaye sun ɓace a hannunsa. Ba wanda ya tsaya bincike. Aka sassare masa shanu a turke, aka cinna wa rumbunsa wuta, ya kwashi iyali ya koma wurin dangin matarsa. Har yau ba a san ko ya ci ko bai ci ba.

Ranar da aka ɗauke ta aiki an tambaye ta ko ta iya kwamfuta, ta ce ta iya. Buga rubutu ta iya, wannan kam ba a fi ta ba. Ita ta kwashe sunayen tsofaffin littattafai ta zuba su a na'urar, yatsu na gudu, hankali na gida wurin 'yarta Njoki da saniyar da ke tari. Amma zuba suna daban, tambayar na'ura ta fito da shi daban. Mutane ba sa ɗaukar irin wannan amsar ƙarya. Ƙarya ce, kuma mai yinta kullum yana kwana da ita.

Da ranar ƙuri'a ta matso sai ta kai kukanta wurin Gathoni, ƙawarta tun makarantar firamare, wadda ke aikin ofis a wurin tara madara. Gathoni takan zo da rana da kwanon giteri, wake da masara, ta ja kujera ta zauna tana ci tana koyarwa.

"Ke kin ɗauki abin nan akwatin ajiya," in ji ta, baki cike. "Bara ne. Ƙarfi kamar jaki, hankali kamar na mijina. Abin da kika faɗa zai yi, ba ruwansa da abin da ke ranki. Jawo sunan ƙauye ki sa a wannan gurbin. A'a, jawo shi za ki yi, ba dukansa ba. Uwar Njoki, ɓeran kwamfutar nan na roba ne, ba ya cizo."

Wacera ta jawo. A ƙarƙashin gurbin akwai layin sharaɗi, ta rubuta Kiriko. Gathoni ta nuna mata maɓalli a sama mai jar alamar motsin rai. Ta danna. Nan take mutanen Kiriko suka jeru a gabanta, su kaɗai, ba baƙo ko ɗaya.

"To, kin rubuta tambaya," in ji Gathoni. "Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Washegari Wacera ta gwada ita kaɗai. Ta nemi mutanen Kiriko da na Gatura a tare, allo ya fito fari fat. Gathoni ta iske ta a tsaye bakin taga tana cewa wai ta shafe ƙungiya. Sai da Gathoni ta yi dariya har ta ƙware kafin ta yi bayani: ta tambayi na'ura mutumin da ke zaune a ƙauyuka biyu lokaci guda, na'ura kuwa ta ce babu shi.

"Mai gida biyu ai sai direban babbar mota," in ji ta. "Farin allo ba mutuwa ba ne. Tambayarki ce gurguwa."

A ranar ta koya mata tambayar da ke zaƙulo sunayen da suka fito fiye da sau ɗaya, don Wacera ta ji shugaba yana ƙorafin haka. Wacera ta nuna wani maɓalli a gefe ta ce wannan fa? Gathoni ta ce shi ke mai da tambaya ta zama mai gogewa, kuma ba nata ba ne tukuna.

Ranar Alhamis da safe shugaba Gichuhi ya shigo. Mahauci ne, mai babban shagon nama a bakin tasha, ƙato mai ƙaramar murya. Bai zauna ba. Ya zagayo ya tsaya a bayan kujerarta, har tana jin warin kitse a kwat ɗinsa.

"Uwar Njoki, ɓarayi sun cika mana rajista. Mutum ɗaya, kati uku. An ce kin ƙware. Nuna mini su."

Ta buɗe tambayar. Sunaye suka jeru, biyu-biyu, uku-uku. Ya dangwala yatsa a gilashin.

"Duba nan. Thuo Gathogo, Kiriko. Thuo Gathogo, Kiriko. Har huɗu! Gona ce ta ubansa? Bar ɗaya, share sauran. Dukkansu haka."

"Yanzu, Shugaba?"

"A'a, bayan ƙuri'a. Ko ba ki iya ba ne? In ba ki iya ba faɗa mini, akwai yara a gari da takardunsu suna zaman banza."

Nan ne wurin da ya kamata ta ce ba ta iya ba. Kalmomi kaɗan ne, ba sa kashe kowa. Amma ta riga ta gina aikinta a kan waccan amsar ta farko, kuma mai gini a kan ƙarya ba ya son a taɓa tushe. Ta danna maɓallin da aka ce ba nata ba ne. Ta danna mai jar alamar. Wani ƙaramin akwati ya fito da Turanci, yana cewa za a goge layuka sama da ɗari biyu, kuma ba za a iya dawo da su ba. Ta karanta, ta fahimta sarai. Numfashin shugaba na sauka a ƙeyarta. Ta danna E, ta amince.

"Aikin kenan," in ji shi. Ya fita yana goge yatsa a wando.

Da la'asar Baba Mai Zuma ya zo. Haka kowa ke kiransa, don amyoyinsa sun fi na kowa a Kiriko. Ya tsufa ƙwarai, yana cikin waɗanda suka fara zuba kuɗin gonar. Wani jikansa ne ya kawo shi a babur, ya tsaya a waje yana jira.

"Baba, sannu da hanya. Ya ƙafar?"

"Ƙafar ta ce sai ta taka Laikipia kafin a binne ta. Duba mini sunana, 'yata. Ba don ban yarda da ke ba, barci ne ba ya zuwa."

Ya warware leda, ya warware wata ledar, ya miƙo kati da ya yi laushi kamar tsumma. Ta karanta. Thuo Gathogo.

Ta sake karantawa.

"Baba, wannan sunanka ne?"

"Da na wa? Ai shi ya sa na zo da na yaran ma." Ya fito da wasu katuna uku. "Sun sace mini suna, ɓarayin banza, ko kunya babu."

Abin da kowane yaro ya sani a ƙasar nan ne. Ɗan fari na kowace mace sunan kakansa na wajen uba ake sa masa. Baba ya auri mata uku, kowace ta haifi Gathogo. Kowane Gathogo kuma ɗansa na fari Thuo ne. Amma wa ya taɓa kiransu da sunan kati? A baki akwai Thuo na Nyambura, da Thuo na Wamuyu, da Thuo Dogo, kowa da sunan kakarsa ko na tsokana, kuma kunne bai taɓa jin su iri ɗaya ba. Wacera kanta tana da 'yan'uwa uku masu sunanta. Takarda ce kawai ba ta san uwar kowa ba.

Ta rubuta sunan a layin sharaɗi. Ta danna. Fari fat.

Ta ce a ranta tambayar ce gurguwa. Ta sake rubutawa a hankali, harafi-harafi. Fari. Ta nemi Kiriko gaba ɗaya, ta bi layi da yatsa har ƙasa. Ba a bar ko ɗaya ba. A nan ta gane abu na biyu. Ita a ranta ta ce a bar ɗaya. Na'ura ba ta ji haka ba. An nuna mata duk sunan da ke da abokin tagwaitaka, an ce goge, ta goge har da na farkon.

"Yaya dai, 'yata?"

"Wutar ce ba ƙarfi yau, Baba. Na'urar na nauyi. Ka je gida, sunanka na nan."

Ya dube ta ɗan lokaci. Ya nannaɗe katunan a ledojinsu. Ta taga ta ga jikan, Thuo na Nyambura, ƙaƙƙarfan mutum mai gajeren wuya, yana taimaka masa ya hau. Akwai adda ɗaure a gefen babur ɗin. Kowa na ɗaure adda don yankan ciyawar shanu, ta sani. Duk da haka idonta ya ƙi barin wurin.

Ta kira Gathoni. Ta faɗa mata abin da ya faru. Tunda take ba ta taɓa jin Gathoni ta rasa abin tsokana ba.

"Kin kwafi fayil ɗin kafin ki taɓa shi?"

"Wane kwafi?"

"Wayyo Ubangiji. Laifina ne, da shi ya kamata in fara miki. Tsofaffin littattafan fa?"

"Suna gidan shugaba. Ya kwashe su tun da na gama bugawa."

"To, je ki same shi. Ki faɗa masa da bakinki."

Juma'a da sassafe ta same shi a shago yana sarar ƙashi a kan kututture. Ta faɗa masa komai. Bai daina sara ba.

"Wa ya sani?"

"Ni da kai. Da Gathoni."

"Ce wa Gathoni ta kula da madararta. Ki buga takardar yadda take."

"Shugaba, mutanen gaske ne. Har da Baba Mai Zuma. In ka ba ni littattafan..."

"Ɓeraye sun ci littattafan."

"To filayensu fa?"

"Abin da ya rage kwamiti zai san yadda zai yi da shi. Ke ma ba za a manta da ke ba."

"In suka tambaya gobe?"

Ya ɗago, ya yi murmushi kamar da abokin ciniki. "Ni mahauci ne, Uwar Njoki. Me na sani a kwamfuta? Mai kwamfuta za su tambaya."

Ko ya san abin da yake yi tun jiya, ko yanzu ne ya ga riba a kuskure, Allah kaɗai ya sani. Ita dai ta fito. A hanya ta yi tunanin ɗaukar Njoki su hau motar Nairobi. Ta tuna saniya, ta tuna uwarta da ba ta iya tafiya.

Gathoni ba za ta iya zuwa ba, Juma'a ce ranar da manoma ke cika musu ofis. A waya ta yi magana da sauri.

"Saurara. Wanda ya haɗa muku abin nan tebur biyu ya yi, wato jeri biyu a cikin na'urar. Na sunaye kika lalata. Akwai na hannun jari, lambar kati kawai ke ciki, ba suna. Shi ba ki taɓa ba. Sa su gefe da gefe, ja layi daga lamba zuwa lamba, ki ce a nuna miki lambar da ba ta da mai ita. Kin ji? Amma kwafi tukuna! Ina zuwa, Manaja! Wacera, sai anjima."

Ta rufe ƙofa da sakata. Ta kwafi fayil ɗin, ta sake kwafa, ta kuma. Ta buɗe sabuwar tambaya, ta sa teburan biyu, ta ja layi tsakaninsu. Ta jawo lamba daga wannan, suna daga wancan, ta sa sharaɗin cewa sunan ya zama babu. Saura dannawa.

Hannunta ya ƙi. Maɓallin jiya ne, da jar alamarsa. Ta duba sama ta tabbatar tambayar mai nunawa ce, ba mai gogewa ba. Ta sake dubawa. Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo ta duba. A waje kasuwa na cika, wani na tallar kabeji da lasifika. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar sai ta waiwaya ta dubi sakata. Ta yi addu'ar da ta iya, ta rufe ido ɗaya, ta danna.

Fari fat.

Ta kifa kai a tebur. Ta daɗe haka. Sai dai wannan karon ba mai yi mata dariya ya gyara, dole ta tambayi kanta me ta ce wa baran. Ta zura wa layin da ta ja ido. Ta haɗa lamba da lamba, wato ta ce a kawo waɗanda suka dace da juna, sannan ta ce a cikinsu a nuna marar suna. A cikin masu suna ta nemi marar suna. Ta danna layin kansa sau biyu, ba don ta san zai buɗe ba. Ya buɗe, da zaɓi uku. Ta karanta su da ƙarfi kamar 'yar aji biyu, ta zaɓi mai cewa a kawo duka na teburin hannun jari, ko sun sami aboki ko ba su samu ba. Layin ya yi kan kibiya. Ta danna.

Lambobi suka zubo, dogon layi, kowace da farin gurbi a gefenta. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu da suna ba. Amma kowace tana rubuce a kati, a cikin leda, a ƙarƙashin katifar wani.

Ta buga su a takarda, kwafi da yawa. Sannan ta yi abin da ya fi danna maɓalli wuya. Ta fita da ƙafarta zuwa inda masu babur ke tsayawa, ta tsaya a gaban Thuo na Nyambura.

"Jiya na yi wa kakanka ƙarya. Sunansa ba ya nan. Naka ma. Ni na goge ku."

Sauran masu babur suka jiyo. Suka sauko daga baburansu, suka kewaye ta.

"Nawa aka ba ki?" in ji wani daga baya.

"Ba a ba ni komai ba. Ban iya ba ne, na ƙi faɗa."

"Ji mata! Ba ta iya ba! Kakana ya sayar da bijimi don gonar nan, ke kuwa kina koyo a kanmu!"

Wani ya fizge mata ɗankwali. Thuo na Nyambura ya ɗaga hannu, aka dakata. Ya karɓi takardar, ya fito da katinsa daga aljihu, ya bi layin har ya sami lambarsa.

"Za ki iya mai da mu?"

"Duk wanda ya kawo katinsa kafin ƙuri'a."

"In ba a gama ba fa?"

Wannan karon ba ta ƙirƙiro masa ƙarya ba.

Ya raba takardun. Babura suka watse, Kiriko, Gatura, ƙauyukan kan tudu. Shi kuwa ya rako ta ofis, ya kwance addarsa, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ta a gwiwa. Ba ta san ko gadinta yake ko tsare ta yake ba. Ba ta tambaya ba.

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, kowa da ledarsa, kowa da abin da zai faɗa mata. Wata tsohuwa ta tofa yawu kusa da ƙafarta. Wata ta ajiye mata ayaba biyu ta wuce. Wacera na duba lamba a kati, ta duba a jerin, ta buga suna, ta kwafi fayil, ta kira na gaba. Gathoni ta iso bayan ta tashi aiki, ta kama karanto katuna, tana rama wa ƙawarta zagi ɗaya bayan ɗaya. Suka yi har duhu ya kore su, gari na wayewa suka dawo.

Da hantsin Asabar shugaba ya zo karɓar takardar. Ya ga jama'a a ƙofa, ya ga Baba Mai Zuma a zaune kan benci da kwat ɗinsa na coci, ya ga addar. Ya gaisa da kowa da fara'a. Ya auna nauyin takardar a hannunsa, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Makullin ofis," ya ce.

Ta ba shi.

Ba rasa aikin ne ya dame ta ba. Kafin ta kashe na'urar ta sake danna tambayarta, kuma ba ta fito fari ba. Saura lambobi goma sha wani abu, ba wanda ya zo ya ce tasa ce. Wataƙila ɓarayin ne na gaske, masu kati biyu, sun ji kunyar fitowa. Wataƙila kuma wata gwauruwa ce a bayan dutse da babur bai kai gidanta ba, ko wani da ke aiki a Mombasa ya kwana a mota yana tahowa.

A filin makaranta aka yi taron. Aka girke ganga a kan tebur, aka fara kiran suna da lasifika, ana shewa. Wacera ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da ragowar lambobin a hannu, ta juya wa taron baya, tana kallon hanya. Wata motar haya ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar, mutane suka fara sauka. Ta bi hannuwansu da ido, ɗaya bayan ɗaya, tana neman mai riƙe da leda.